Treichville da Sunan Gari Mai Tsafta

Akwai ƙananan garuruwa a duniya da sunansu ya yi nisa fiye da girmansu, don kawai an san su da kula da muhalli. Växjö da ke kudancin Suwidin, wadda ita da ƙauyukanta suke da mutum kusan 100,000, ta daɗe tana amsa sunan gari mafi koren muhalli a Turai. Kamikatsu ta ƙasar Japan ƙauye ne da bai kai mutum 2,000 ba, amma tun da ta ayyana a 2003 cewa za ta daina binne shara da ƙona ta, baƙi suke zuwa kallon yadda mutanenta ke ware tarkacen gidajensu kashi sama da 40. A nan Afirka ana kawo misali da Kigali, wadda ƙasarta Ruwanda ta haramta leda a 2008, a Najeriya kuwa Kalaba ta yi tashen tsafta a zamanin gwamna Donald Duke. Irin wannan suna dukiya ne, yana jawo 'yan yawon buɗe ido da masu zuba jari, shi ya sa masu mulkin birane suke kwaɗayinsa.

Abin da aka fi mantawa shi ne yadda sunan ya samu. Växjö da ƙazanta ta fara. Tafkin Trummen da ke gefenta ya ruɓe saboda ruwan kwata da na masana'anta da aka daɗe ana sakar masa, har aka daina wanka a cikinsa. A 1970 da 1971 aka sa injuna suka zuƙe ruɓaɓɓen taɓon da ya taru a ƙasansa, bayan an datse hanyoyin da ƙazantar take bi. Daga 1980 garin ya fara ɗumama gidaje da ɓaraguzan itace maimakon mai, sannan a 1996 majalisarsa ta yanke shawarar rabuwa da man fetur da danginsa gaba ɗaya. Tsakanin gyaran tafkin da shaharar sunan an ɗauki shekaru masu yawa, kuma mafi yawan aikin a ƙarƙashin ƙasa aka yi shi, cikin bututu da magudanai, inda baƙo ba ya gani.

Treichville, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin Abijan a ƙasar Kwaddibuwa, tana da jama'a sama da 100,000, wato kusan daidai da Växjö. Ita ma a bakin tafki take, tana da magajin garinta da majalisarta. Ba wanda ya taɓa sa ta a jerin garuruwa masu kula da muhalli, kuma wanda ya ratsa bayan babbar kasuwarta cikin watan Yuni ba zai ga laifin hakan ba. Duk da haka ta fi garuruwa da yawa dacewa a yi nazarin wannan batu a kanta, domin rabin abin da ake yaba wa garuruwan Turai a kai yana nan a cikinta tun da daɗewa, ɗaya rabin kuma an rasa shi ne bisa dalilan da aka sani.

Tushen maganar yana cikin tarihin birnin. Grand-Bassam ce hedikwatar Faransawa ta farko daga 1893, sai annobar zazzaɓin shawara ta 1899 ta kore su zuwa tudun Bingerville, daga can kuma suka koma Abijan a 1934. Tsoron cuta ne ya shata birnin. Turawa suka zauna a tudun Plateau inda iska ke kaɗawa, aka ajiye baƙar fata a gefe biyu: Adjamé a arewa, bayan barikokin soja, da Treichville a kudu, a tsibirin Petit-Bassam, ruwan tafki ya shiga tsakani. Sunan unguwar ma na wani Bafaranshe ne, Marcel Treich-Laplène. Mutanen Kano da Zariya sun san irin wannan tsari, domin dokar Lugard ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A wancan zamani ma'anar tsaftar gari ita ce a nisanta talaka daga idon mai mulki, kuma wannan fahimta ba ta gama fita daga ofisoshin biranen Afirka ba har yau.

Amma masu shata Treichville sun bar mata wani gado mai amfani. An yanka ta layi-layi, tituna miƙaƙƙu masu lamba suna gicciye juna, shi ya sa ake kwatance da Avenue 16 ko Rue 12. Gida da shago da masallaci da makaranta duk suna kusa da juna, mai sayen cefane yana isa kasuwa da ƙafa. Tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Burkina Faso tana cikinta. Jiragen ruwan fasinja na kamfanin SOTRA suna ɗaukar mutane daga gaɓarta zuwa Plateau da Abobo-Doumé, suna rage cunkoson gadar Houphouët-Boigny ta 1957 da gadar De Gaulle ta 1967. Garin da mutum zai yi harkokinsa na yini bai shiga mota ba shi ne abin da masu tsara birane a Jamus da Faransa suke kashe maƙudan kuɗi don su dawo da shi. Mutanen Treichville kuwa a haka suka tashi, tun lokacin da aka kammala haƙa mashigin Vridi a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, leburori suka yi ta kwararowa daga Nijar da Mali da Saman Bolta. Cikinsu har da Oumarou Ganda, wanda ya yi dako a tashar kafin ya zama fitaccen mai shirya fim a Yamai.

Babbar kasuwar Treichville, wadda gobara ta cinye a 1997 aka sake gina ta, ita ce cibiyar wannan rayuwa. Akwai masu atamfa da leshi, da maƙeran zinariya 'yan Senegal, da shagunan Kwarori a titunan da ke kewaye, da mata masu kifi da ayaba da rogo. Hausawa da Zabarmawa suna da nasu gurbin a harkar albasa da goro da nama da kayan koli. Albasar Galmi tana sauka a kasuwannin Abijan bayan tafiyar kwanaki a bayan tirela, goro kuma yana tashi daga Anyama ya nufi arewa. Abincin da ya fi kowanne farin jini a wajen ɗalibai da leburori, wato garba, wanda ake haɗawa da attiéké na rogo da soyayyen kifin tuna, 'yan Nijar ne suka yi fice da sayar da shi.

A gaban teburin mai garba ake ganin matsalar ƙuru-ƙuru. Mai saye ɗaya zai karɓi attiéké a leda, kifi a wata ledar, yankakken barkono da albasa a ƙaramar leda, a haɗa su duka a baƙar leda, ya ƙara da ledar ruwan sanyi. Kafin rabin sa'a ya cinye, ledoji biyar sun zama shara. Mafi yawansu ba su da nauyin da zai sa mai tsintar roba ya sunkuya musu, domin a kilo ake saye. Iska ta kwashe su zuwa kwatar da ke bin gefen titi, inda suke tarar da ruwan wankin kifi da ɓawon ayaba da ruɓaɓɓen tumatir da yashi. Da rani abin yana kwance yana wari, 'yan kasuwa sun ɗora katako a kai sun baza hajarsu. Da damina sai ya tashi.

Daminar Abijan ba irin ta ƙasar Hausa ba ce. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai ninki biyu na na Kano, mafi yawansa tsakanin Mayu da Yuli, da wata ƙaramar damina a Oktoba da Nuwamba. Treichville shimfiɗaɗɗiya ce, tsayinta bai wuce na tafkin da kaɗan ba, saboda haka ruwa ba ya samun gangaren da zai gudu ko da magudanan a buɗe suke. A ɓangaren Adjamé kuwa ruwan yana gangarowa ne daga tuddan Abobo ta kwarin Gourou, ɗauke da yashi da shara, ya taru a mahaɗar Indénié, wadda ta daɗe tana zama kogi duk shekara. Ruwan daren 18 ga Yunin 2018 ya kashe kusan mutum 20 a birnin. Duk abin da kwata ta ɗauko kuma a tafkin Ebrié yake ƙarewa. Tafkin yana da tsawon kusan kilomita 130, shi ya ba Abijan kirarinta na lu'ulu'un tafkuna, amma lungunansa da ke cikin birni, irin su na Cocody da Marcory da Biétry, ruwansu ba ya juyawa sosai, sun cika da taɓo da kainuwa da roba. Akwai babban bututun da ke kai ruwan ƙazanta teku ta Port-Bouët, sai dai gidaje da yawa ba a haɗa su da shi ba. Wannan shi ne rabin da Treichville ta rasa, kuma ba aikin da ƙaramar hukuma za ta iya ita kaɗai ba ne.

Gwamnati ta gwada maganin Kigali. A watan Mayun 2013 ta fitar da dokar haramta yin leda da shigo da ita da sayar da ita, dokar ta fara aiki a ƙarshen 2014. Manyan kantuna da shagunan magani da gidajen burodi sun koma takarda da jakunkuna masu ɗorewa. A kasuwannin Treichville da Adjamé kuwa leda tana nan kamar ba a yi doka ba. Dalilin a fili yake: mai sayar da manja na sefa 100 ba ta da abin da za ta zuba shi a ciki wanda ya kai leda araha, masana'antun leda suna da ma'aikata dubbai, masu sayar da ruwan leda kuma sun fito zanga-zanga tun a farkon dokar. An hana abu ba a tanadi madadinsa ba, kuma ba a ci gaba da bibiya ba. A Ruwanda har jakar matafiyi ake bincikawa a kan iyaka.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce inda shara take zuwa bayan an kwashe ta daga gaban idon mutane. Daga 1965 sharar Abijan a jujin Akouédo aka yi ta zubar da ita, kusa da ƙauyen ƙabilar Ebrié mai wannan suna, fiye da shekara 50, ba rufi ba shinge, ruwan da ke tsatsafowa daga tulin yana gangarawa tafki. Tsaftar Plateau da Cocody mutanen Akouédo ne suka biya kuɗinta da lafiyarsu. A watan Agustan 2006 aka ga ƙarshen wannan tunani. Jirgin ruwan Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya iso tashar Abijan da dagwalon mai mai guba, bayan an ƙi biyan kuɗin da aka nema don sarrafa shi a Amsterdam. Wani ƙaramin kamfani mai suna Tommy ya karɓi aikin da araha, tankokinsa suka zubar da fiye da kubik mita 500 na dagwalon a Akouédo da wasu wurare da dama cikin birnin. Hukumomi sun ƙirga mutum aƙalla 15 da suka mutu, sama da 100,000 kuma suka je asibiti. Majalisar ministoci ta yi murabus, a 2007 kamfanin ya biya gwamnati sefa biliyan 100 ba tare da ya amsa laifi ba. Amsterdam tana cikin biranen da ake yabo da kula da muhalli, kuma dagwalon da ya yi tsadar sarrafawa a can a unguwannin talakawan Abijan ya sauka. Duk wanda zai auna sunan wani gari da tsafta, dole ya bi motar shara har inda ta juye kayanta.

Adalci ne a faɗi cewa an samu gyara. A 2017 aka kafa hukumar kula da shara ta ƙasa, ANAGED, aka kuma fara gangamin share gari na Asabar ɗin farkon kowane wata, mai kama da wanda 'yan Najeriya suka sani tun zamanin Buhari da Idiagbon. A 2018 aka raba kwasar sharar birnin tsakanin kamfanoni biyu, Ecoti da Eco Eburnie, aka buɗe sabon wurin binne shara na zamani a Kossihouen, kimanin kilomita 45 daga birnin, daga baya aka rufe Akouédo aka shiga mayar da shi wurin shaƙatawa. A 2018 ɗin ne kuma aka hana shigo da ƙananan motocin da suka haura shekara 5. Wanda ya san tulin bolar da ke tare titunan Adjamé a shekarun rikicin siyasar ƙasar ya san an yi aiki. Manyan tituna sun fi dā tsafta nesa ba kusa ba, ko da yake lungunan bayan kasuwa ba su samu rabonsu daidai ba.

Akwai kuma wasu ma'aikatan da ba sa cikin kwangilar kowa. Adjamé, mai jama'a sama da 300,000 da tashoshin motar da ke kai mutane ko'ina a Afirka ta Yamma, babbar masana'antar gyara ce. A kasuwar da ake kira Black Market wayar da ta mutu a hannun wani ana farke ta, a cire allonta a sa wa wata, a sayar da batirinta dabam. Firijin da aka yar a Turai ana canja masa inji ya ƙara shekaru yana aiki. Masu gwanjo suna tsawaita ran tufafi, maƙera suna narkar da gwangwanin alminiyam su zuba tukwane, mata suna wanke robar ruwa su ɗura zoɓo da lemon citta. Matasa masu amalanke suna bin lungunan da motar shara ba ta shiga, suna karɓar sharar gidaje a kan 'yan kuɗi kaɗan, 'yan jari-bola kuma suna tsince ƙarfe da roba kafin sauran ya tafi juji. Abin da mutanen Kamikatsu suke yi bisa doka, waɗannan suna yin sa don neman abinci, da hannu tsirara, cikin hayaƙin wayoyin da ake ƙonawa don ciro tagulla. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa Abijan tana fitar da fiye da tan 280 na sharar roba kullum, kashi 5 cikin 100 kawai ake sake sarrafawa, kuma wannan kaɗan ɗin mafi yawansa ta hannun mata masu tsinta yake bi. Shi ya sa asusun ya haɗa kai da kamfanin Conceptos Plásticos na Kolombiya aka kafa masana'antar da ke mayar da roba bulo ana gina azuzuwa.

A nan ne manufofin 'yan shekarun nan suke da abin dubawa. Abijan ta karɓi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Mayun 2022, da gasar cin kofin Afirka a farkon 2024, kuma tana son a gan ta da kyau, wanda ba laifi ba ne. Amma a 2024 hukumar gundumar Abijan, ƙarƙashin gwamna Ibrahim Cissé Bacongo, ta rushe unguwanni irin su Gesco da Boribana da unguwar mayanka ta Port-Bouët, bisa hujjar haɗarin ambaliya da zaftarewar ƙasa, sannan ta haramta talla a manyan tituna da bara da tura amalanke. Hujjar haɗarin gaskiya ce, domin mutane suna mutuwa a gangaren unguwar Attécoubé kusan duk damina. Sai dai ƙungiyar Amnesty International ta ce dubban iyalai an tashe su ba tare da isasshiyar sanarwa ko wurin komawa ba. Iyalin da aka rushe wa ɗaki ba sa ɓacewa, wani kwarin suke komawa, wanda ba shi da kwata ko masai. Mai amalanken da aka kama kuma sau da yawa shi ne mai fitar da shara daga lungu da shigar da kaya kasuwa ba tare da ƙona ko ɗigon mai ba. Wannan sharar ɗaki ce a tura ƙurar ƙarƙashin tabarma, kuma jikanyar tsarin da ya raba Plateau da Treichville ce.

'Yan kasuwa ma suna da nasu kason, kuma bai kamata a rufa musu ba don suna talakawa. Gawayin da mai tsire da mai gasa kifi suke hurawa daga daji yake zuwa, a ƙasar da dajinta ya ragu daga kimanin hekta miliyan 16 a farkon ƙarni na 20 zuwa ƙasa da miliyan 3. Dajin Banco, mai hekta sama da 3,400 a tsakiyar birnin, wanda ya zama gandun daji na ƙasa tun 1953 kuma yake kare ruwan ƙasan da Abijan take sha, sai da aka kewaye shi da katanga saboda masu sara da masu gini. Dillalin albasar da ya juye ruɓaɓɓun buhuna a bakin kwata cikin dare ya san abin da yake yi. Mutumin da yake alwala sau biyar a yini, yana cewa tsafta cikon addini ce, ba shi da uzurin barin ƙofar shagonsa ta zama juji. Al'ummar Hausawan Abijan tana da sarakunanta da limamanta da ƙungiyoyin sana'a waɗanda suke sasanta rikici, suke tara kuɗin jana'iza da na mayar da marar lafiya gida. Tsarin da ya iya wannan zai iya tara kuɗin yashe kwatar layi ɗaya kafin watan Mayu. Fataken goro ma sun fi kowa sanin cewa akwai abin naɗi kafin leda, domin huhun goro da ganye ake ɗaure shi ya yi tafiyar makonni bai bushe ba, kamar yadda matan Ebrié suke naɗe attiéké da ganye tun kafin a san roba.

Ayyukan da ke hannun ƙaramar hukuma ba su fi ƙarfinta ba. Mafi yawan sharar kasuwar abinci mai ruɓewa ce, idan aka ware ta tun daga rumfa za ta zama taki ga masu lambun bayan gari, maimakon a biya mota ta kai ta Kossihouen a binne. Harajin rumfa da ake karɓa kullum ya kamata 'yan kasuwa su ga wani kasonsa a jikin murfin kwata da masai da famfo, domin wanda ya ga inda kuɗinsa ya tafi ba ya wahalar biya. Masu amalanke da 'yan jari-bola a yi musu rajista, a ba su layukan da za su bi da wurin ajiye abin da suka tsinta da safar hannu da takalmi. Tafkin kuwa na gwamnatin ƙasa ne da hukumar magudanai ta ONAD. Aikin gyaran lungun Cocody da aka fara da taimakon Maroko ya canja fuskar gaɓar da ke kallon Plateau, amma amfaninsa ya dogara ne ga datse ƙazantar da ke gangarowa daga Abobo da Adjamé tun daga sama. Layin jirgin ƙasan cikin gari da ake ginawa daga Anyama zuwa Port-Bouët, mai tsawon kusan kilomita 37, zai ratsa Adjamé da Plateau da Treichville, kuma idan ya fara aiki zai ɗauke wani kaso na fasinjojin motocin haya na gbaka da woro-woro waɗanda hayaƙinsu yake sauka a kan kifi da kayan miyan da aka baza a bakin titi.